Kwafar zanen Pissarro na safiyar sanyi a Paris: inda aikin ya kwana

Litinin, 2 ga Disamba 2024

To yau dai na fara. Shekara da shekaru ina zanen fensir, fuskar amarya, fuskar ango, hoton marigayi a kawo ɗan ƙarami a ce a faɗaɗa shi, amma ban taɓa zama na yi cikakken aiki da fentin mai ba. Malamina na zane tun na sakandare, wanda har yanzu nake zuwa gaishe shi, shi ya ce in dai da gaske nake ina son koyon launi to in ajiye fuskoki tukuna, in ɗauki aikin wani gwani in kwafa, in na gama kuma in rubuto masa shafi ɗaya tak kan abin da zanen yake sa mutum ya ji, da kuma ta inda yake bi ya sa shi. Ya ce kowa ma zai iya cewa "akwai kaɗaici a ciki", shi so yake in ɗora masa yatsa a wurin da kaɗaicin yake.

Wanda na zaɓa na Camille Pissarro ne, wani gwanin mai zane da ya yi aikinsa a Faransa, titin Boulevard Montmartre na birnin Paris da safiyar hunturu, 1897. Yana gidan tarihin Metropolitan a New York, kuma tun 2017 suka bari kowa ya sauke hotunan tsofaffin ayyukansu kyauta, sai dai datarka ta ji a jikinta, tawa dai ta ji. Girman na asalin kusan santimita 65 ne a tsaye da 81 a kwance, ni ma haka zan yi nawa don kada in yi wa kaina wayo.

Abin da ke ciki: titi ne mai faɗi ya miƙe ya shige can ciki har ya ɓace, dogayen benaye dama da hagu da bututun hayaƙi birjik a samansu, bishiyoyi a jere ba ganye ko ɗaya, kekunan doki wasu na tafiya wasu sun yi layi suna jiran fasinja, fitilun titi a tsakiya, sai mutane kamar an watsa barkono a gefen hanya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ni da na ji "hunturun Turai" dusar ƙanƙara nake jiran gani, fari fat ko'ina, amma nan ban ga tulin ƙanƙara ba sam, kuma duk da haka kallo ɗaya za ka yi ka ji kana neman rigar sanyi.

Abin da na rubuta a littafina yau kafin in karanta komai a kansa: shiru, sanyi, kewa. Zan ga ko kalmomin nan uku za su kai ƙarshen aikin.

Asabar, 7 ga Disamba

Kafinta ya haɗa min firam, na ja kanbas na buga da ƙusa, na shafe shi da imolshan da gam hannu uku ina gogewa da sanfefa a tsakani. Fenti kuwa kala biyar kawai aljihu ya iya ɗauka, fari, shuɗi mai duhu, ja, ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa, da ruwan ƙasa mai ja. Baƙi ban saya ba da gangan. Tsohon tayil na ɗauko a bayan gida shi ne farantin haɗa launi.

Matsala ta farko: hoton a wayata launinsa daban, a laftof ɗin ƙanwata ya fi shuɗi, wanda na kai aka buga min a takarda kuma ya fito kamar an jiƙa shi a shayi. Wanne zan bi? Na tsaya a kan laftof, ita kuma ta ce haya za ta riƙa karɓa.

Talata, 10 ga Disamba

Kwana biyu ina fitar da layuka da gawayi. Na ɗauka aikin masu salon su Pissarro ba ya son awo, ai tabo-tabo ne kawai, ashe ƙarya nake. Layin rufin benaye, layin bakin titi, layin bishiyoyi, duk wuri ɗaya suke nufa, in ka kuskure ɗaya sai titin ya karkace kamar zai zubar da mutanen. Shi kansa Pissarro a wata wasiƙa da ya rubuta wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ambaci manyan gidajen nan da dole sai an tsai da su daidai, ga karusai da motocin doki na haya da jama'a yana hango su daga sama kamar tsuntsu. Da na karanta na ji daɗi wallahi, ashe ba ni kaɗai gidajen suka wahalar ba.

A watan Fabrairu 1897 ya kama ɗaki a wani otal mai suna Grand Hôtel de Russie a kusurwar titin Drouot, yana da shekara 66. Daga lokacin zuwa Afrilu ya yi zane 16 daga tagar nan, 14 na Boulevard Montmartre da ke hagunsa, 2 na Boulevard des Italiens da ke damansa. Titi ɗaya, taga ɗaya, sai dai safiya ko yamma, rana ko hadari, ranar Mardi Gras, bikin da ake yi gab da azumin Kiristoci, da titin ya cika maƙil, har da na dare wanda yake Landan yanzu. Mutumin da ya yi suna da zanen ƙauye da gonaki da manoma, me ya kai shi zaman taga? Ciwon ido ne, hanyar hawayensa ke yawan kumbura, iska da ƙura ba sa yi masa daɗi, dole ya koma aiki daga cikin ɗaki. Ga kuma dillalinsa Durand-Ruel da ya ga zanen titunan birni na da kasuwa ya ƙarfafa masa gwiwa. Wato har da maganar tuwo a ciki, kuma ni wannan bai rage masa komai ba a idona, ni ma don tuwo nake zana amare.

Shi Pissarro da abokan zanensa da ake ce wa 'yan Impireshan, sunan ma da ba'a ya fara. A baje kolinsu na farko a 1874 wani ɗan jarida Louis Leroy ya ɗauko kalmar daga sunan wani zanen Monet, ɗaya daga cikinsu, ya yi musu shaguɓe da ita, wai ba zane ba ne, ɗan abin da ido ya ɗauka ne a kallo ɗaya. Sun yi baje koli 8 daga 1874 zuwa 1886, kuma Pissarro ne kaɗai bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. To amma wannan na 1897 ne, shekara 11 bayan taron ya watse, tsoho ne da hannunsa ya riga ya faɗa, ba saurayi mai neman a san shi ba.

Wani ƙaramin abu: titin ba a kan tudun Montmartre yake ba, sunan ne kawai, yana ƙasa cikin gari.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na shimfiɗa launin farko gaba ɗaya, sama, titi, benaye. Da na ja baya na kalla sai na ji daɗi, na ce ai hazo ne, mu da muke cikinsa tsamo-tsamo yanzu wa zai koya mana hazo, leɓena ma a fashe yake. Na ɗauka a adaidaita na kai wa Malam da yamma ina riƙe da shi kamar jariri don bai bushe ba.

Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Kai yaro, wannan ai ɗari ka zana, shi kuwa mutumin sanyi ya zana."

Na ce, "Malam ai duk ɗaya ne."

Ya ce in je in tambayi Umma ko ɗaya ne.

Ba sai na tambaye ta ba, a hanya na gane. Mu yanzu mun haɗe su duk muna cewa sanyi, amma tsofaffi sun raba. Ɗari shi ne na hunturu, busasshe, mai fasa kaushi, mai sa fata ta yi furu-furu. Sanyi kuwa da laima yake tafe, irin na bayan ruwan Agusta, irin na randa, irin na ɗakin da rana ba ta shiga. Hazonmu ƙura ce, iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta ma daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi, tana shanye shuɗin sama ta bar maka fari-fari mai ɗan ja, ta kwanta a kan mota da ganye da gashin ido, komai ya dushe ba abin da ke sheƙi. Nasu na Paris tururin ruwa ne da hayaƙin kwal daga bututun nan da suka cika rufin gidaje, abu ne mai jiƙa dutse, shi ya sa titinsa yake da ɗan haske-haske kamar yana mayar wa sama da launinta. Ni kuma da hannuna ya ga "hazo" sai ya tafi wurin ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa da kansa ba tare da ya yi shawara da ni ba, na mayar da Paris titin Zariya da ƙarfe bakwai na safe, abin da ya rage kawai mai shayi da wutar kara.

Sai kuma maganar rana. Paris tana wajen digiri 49 arewa, mu Kano muna 12. A tsakiyar Fabrairu ko da tsakar rana, rana a can ba ta kai digiri 30 daga ƙasa ba, mu kuwa a nan ta haura 60. Haske ne mai zuwa a kwance, ya ratso iska mai yawa kafin ya iso, ya iso a gajiye. Kuma tagar tasa in ya juya hagu gabas yake kallo, wato da safe hasken daga can ƙarshen titin yake tahowa ta cikin hazon. Ni na haska nawa daga sama kamar yadda na saba gani tun ina yaro.

Na kankare fiye da rabi da wuƙa. Fentin da ya tafi a banza bai kai takaicin ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Ba wani ci gaba. Na bar taga a buɗe don warin kananzir ɗin wanke burushi ya fita, na dawo na tarar ƙura ta kwanta a kan ɗanyen fenti, sararin saman duk ya yi ƙurji-ƙurji. Hunturun Kano dai ya rantse sai ya shiga zanen nan ko ta ƙofa ko ta taga. Yanzu kife shi nake yi ya kalli bango, in rufa tsohon zanin Umma a baya.

Abu ɗaya da na gano: farin da nake amfani da shi na titaniyam ne, wanda bai shigo kasuwa ba sai bayan rasuwar Pissarro a 1903. Nasu na dalma ne yawanci, ya fi ɗumi ya fi laushi. Nawa in ka zuba shi da yawa sai launi ya koma kamar alli. Dole in riƙa karya shi da ɗan ɗigon ruwan ɗorawa, ɗigo fa, ba irin na wancan makon ba.

Lahadi, 29 ga Disamba

Yau na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Wani abokina yana da shagon ɗinki a hawa na biyu a bakin babban titi, na je tun bayan asuba na zauna a tagarsa da littafi, ba don in zana ba, don in ga me ido yake gani daga sama. Adaidaita sahu sun yi layi a gefe suna jiran fasinja, sak kekunan dokin nan, har na yi dariya ni kaɗai. Na ƙirga, daga adaidaita na kusa da ni zuwa wajen na goma rawayarsu tana nan, daga nan ta fara komawa ruwan toka, can gaba kuma sai dai ka san akwai abu yana motsi. Baƙin taya ma haka, na kusa baƙi ne, na nesa ya yi fari-fari. Wato hazo ba rufe abu yake yi ba kamar labule, a'a, matso da duhu da haske yake yi kusa da juna har su kusa zama ɗaya, kuma gefen abu shi ke fara narkewa kafin tsakiyarsa.

Mutane kuwa daga can sama ba mai fuska. Ni da na shekara ina cin abinci da gira da hanci da ɗan hasken cikin ƙwayar ido, sai ga shi na gane mai tallan kunu da ɗan makaranta da dattijo mai sanda ba tare da na ga idon kowa ba, daga yadda jiki ya karkata kawai. Kowa ya dunƙule, kafaɗa a sama, hannu cikin riga. Na dawo gida na faɗaɗa hoton Pissarro har ya fashe, mutum ɗaya shafa biyu ne ko uku na burushi, shi ke nan. Leroy ɗin nan ma da ya ga irin waɗannan mutane a zanen Monet na Boulevard des Capucines cewa ya yi kamar an lasa baƙin fenti da harshe. To gaskiyarsa ta wani fannin, haka suke in ka matso. In ka ja baya taku huɗu sai su tashi su kama tafiya.

Na yi wata dabara, na mayar da hoton asalin da hoton nawa baƙi-da-fari a waya na jera su. Nan asirina ya tonu. Nasa kusan komai a tsakiya yake, ruwan toka kala-kala, duhu na gaske ɗan kaɗan ne kuma a gaba yake, wurin kekuna da mutanen kusa. Nawa kuwa tagogin can ƙarshen titi ma baƙi ƙirin na yi su don na san taga duhu gare ta. Sani na zana ba gani ba.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Sama da benayen hagu sun zauna. Ruwan tokar da nake haɗawa yanzu shuɗi ne da ruwan ƙasa mai ja da fari, ba na cakuɗa su su mutu, ina barin wani shafin ya fi shuɗi wani ya fi ruwan hoda gefe da gefe, daga nesa sai su haɗu a ido su ba ka toka mai numfashi. Pissarro ya yi wasu shekaru daga wajen 1886 yana bin salon ɗige-ɗige na su mai zane Seurat kafin ya gaji ya bari, ina jin ragowar wannan ce ta bar masa wannan hannun.

Amma rigimar yau ba ta fenti ba ce. Na fara rubuta shafin Malam, na sa kewa da kaɗaici, har na fara jawo tarihin mutumin don in kafa hujja: ga tsufa, ga ciwon ido, ga shi Bayahude a Faransar da shari'ar Dreyfus, wani hafsan soja Bayahude da aka zarga da cin amanar ƙasa, ta fara dagulawa, ga ɗansa Lucien ya kwanta ciwo a Landan, ga wani ɗan nasa Félix ya rasu yana saurayi. Rubutu ya yi daɗi har ina jin tausayi. Sai na duba watanni. Tafiyarsa Landan jinyar Lucien bayan ya gama zanukan titin ne, rasuwar Félix kuwa sai Nuwamba 1897, rikicin Dreyfus ma sai farkon 1898 ya kai ga raba shi da tsofaffin abokai irin su mai zane Degas. Wato na ɗauko makokin da bai riga ya zo ba na shafa wa safiyar Fabrairu. Kuma da wannan taga da wannan ido ya zana titin ranar biki da rana tarwai. Na yage shafin.

Sai na kira Umma na nuna mata na laftof, ban ce mata komai ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Ikon Allah, ji jama'a, kowa ya fito neman abinci da sassafe. Wannan gari akwai albarka." Na ce, "Umma ba ki ga kamar akwai kewa ba?" Ta ce kewar me, mutum ɗari a titi? Ƙanwata kuma daga bayanmu ta ce, "Yaya ni fa barci yake sa ni, kamar ranar Litinin."

Na so in ce ba su iya kallo ba ne, amma Umma ba ta yi ƙarya ba, titin cike yake, ba inda ya tsaya. Ni ma kuma ban yi ƙarya ba. Da na kwanta nake ta juya abin sai na tuna zamana a tagar shagon ɗinki, ana ta hon ana ta kiran fasinja amma kafin ƙarar ta hawo hawa biyu ta ratso gilashi ta zama wani gunji mai laushi, kana ganin kowa ba wanda ya san kana nan. Ina jin nan ne wurin da zan ɗora wa Malam yatsa. Umma ƙasa ta sauka ta shiga cikin mutanen, ni kuma na tsaya inda mai zanen ya tsaya. Shirun a tagar yake, hayaniyar tana titi, hazon kuma shi ne tsakaninsu, kuma babu gaban hoto da zai ba ka wurin taka ƙafa, ba baranda ba bakin taga, titin kawai ya faro daga ƙasan firam kamar kana rataye a iska.

Cikin kalmomina uku na ranar farko, sanyi ta tsira, shiru ta tsira da sharaɗi, kewa kuma na sa mata alamar tambaya.

Lahadi, 12 ga Janairu

Bishiyoyi sun ba ni wuya fiye da zato. Na yi su da siririn burushi reshe-reshe sai suka fito kamar wayar lantarki, suka yanka hazon gida biyu. Na goge na sake da busasshen burushi mai tauri, ina jan launin sama a kan rassan bayan na sa su don su ɗan nutse. Na dama sun yi, na hagu guda biyu har yanzu suna min tsawa.

Kekunan doki na yi 9, saura na can ciki waɗanda ba kekuna ba ne ma, ɗigo ne. Dokin gaba na farko ya fito kamar akuya, ƙanwata ta ɗauki hotonsa kafin in gyara, ta ce ajiya ce.

Na kai wa Malam hoton inda aka kwana a waya. Ya ce sanyin ya fara shigowa ta hagu amma titin har yanzu a bushe yake, wai in mutum ya taka zai tayar da ƙura. Ya ce in ɗebo launin saman in sa a ƙasa, in daina tsoro. Shafin rubutun kuma ya ce kada in kawo sai fentin ya bushe, don wai ra'ayina ma bai bushe ba.

Farin fenti ya ƙare, sai an biya ni kuɗin wani zanen biki ranar Laraba zan sayo. Kafin nan mutanen gefen dama, wajen su arba'in, shafa bibbiyu, kuma an hana ni yi wa ko ɗaya fuska.